Hashiyar Malam Tanimu

Azumin bana ya same ni da tulin takardun jarrabawa a kan tabarma, da ciwon baya, da rana irin wadda ko ƙadangare ba ya son fitowa cikinta. An ce sai bayan shekara talatin da uku azumi yake zagayowa ya sake faɗowa a daidai lokacin da ya taɓa faɗowa. Ni ban buƙaci a gaya mini ba, maƙogwarona ya riga ya sanar da ni. Shekaranjiya da hantsi ina zaune a zauren gidanmu na Ƙofar Kibo, na ɗaga jan biro zan ba wata ɗaliba sifili, sai na tsinci kaina ina jujjuya takardar, ina bin gefenta da ido daga sama har ƙasa. Babu komai a wurin. Yaran yanzu ba sa rubutu a gefe, rabin jarrabawarsu ma a kwamfuta ake yi, a danna ɗaya cikin amsa huɗu a tashi. Amma ni dole in duba, kuma tun wancan azumin na bazara nake dubawa.

A lokacin shekarata ta biyu ke nan da fara koyar da lissafi a wata kwaleji da ke wajen ganuwa, ba a ma tabbatar da ni a aikin ba. Darasin da aka ɗora mini shi ne wanda manya suke gudu, liniya aljebra, wanda ya zame wa ɗalibai da yawa ƙarfen ƙafa. Gundarinsa kuwa ba wani abin tsoro ba ne. Kibiyoyi ne, kowace tana nuna wata fuska da wani nisa, ana rubuta ta da lambobi a jere. Tambayar da aka fi yi ita ce: a cikin kibiyoyi uku, kowace tana cin gashin kanta, ko kuwa ɗaya haɗin sauran biyun ce kawai? Akwai lissafin da ake bugawa don a gane. In ya fito sifili, to akwai 'yar rakiya a cikinsu. In ya fito wata lamba daban, kowace da ƙafarta take tsaye.

Ɗalibaina 'yan hadda ne, kuma ba laifinsu ba ne. Yawancinmu a allo muka tashi, wanda kuwa ya saba wanke allo kullum safiya, shafi arba'in na rubutuna ba zai gagare shi ba. Sukan dawo mini da darasina a jarrabawa har da inda na saka waƙafi. Ni kuma, da ƙuruciya da son a ce ɗaliban wane sun ci, sai in ji kaina ya kumbura. Ban taɓa zama na tambayi kaina ko abin ya wuce fatar baki ba.

Mutum ɗaya ne a ajin ba ya hadda, shi ne Malam Tanimu. Malamin firamare ne daga wani ƙauye a bayan Kufena, ya girme ni da kusan shekara goma, har furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Kafin ya yi boko ya daɗe yana karatun littattafai a wani zaure a cikin birni, ya san mahaifina, in sun haɗu a hanya sai ya cire takalmi ya tsuguna. An ba shi hutun karatu ne bisa sharaɗi: ya kawo takardar shaida a ƙarshen wannan shekarar, ko ya bar wa wani ajinsa. Liniya kaɗai ta rage masa. Ya faɗi ta a bara saboda Turancinsa tafiyar hawainiya yake yi, tambaya biyar yakan amsa uku lokaci ya ƙare. Wannan shi ne zamansa na ƙarshe, dokar kwaleji ba ta ba da na uku.

Bai taɓa ɗaga hannu a aji ba. Sai an tashi, ina ƙoƙarin tayar da babur ɗina, zai zo ya tsaya daga gefe har in lura da shi. Wata rana ya ce, "Allah gafarta Malam, in na fahimci karatun yau, wanda ya san gabas ya kuma san kudu, ba sai an koya masa kudu maso gabas ba. Ita 'yar rakiya ce. Amma sama, wannan kam sabuwar fuska ce, ko shekara zai yi yana haɗa gabas da kudu ba zai tashi daga ƙasa ba."

Na ce, "Haka ne, Malam Tanimu." Na buga babur na tafi ina mamaki. Awa biyu na yi a gaban allo ban iya faɗin abin da sauƙi haka ba, kuma tun daga ranar da misalinsa nake koyarwa.

Bazarar waccan shekarar ba ta zo da wasa ba. Famfon unguwarmu ya daina ko tari tun kafin watan azumi ya tsaya. Rijiyar gidanmu ta koma taɓo, guga ya sauka da ƙara ya dawo da jan ruwa rabin kofi. Sau biyu mazan lungunmu suka yi gayyar yasarta, ana ɗaure mutum da igiya a zura shi, ya fito jikinsa duk laka yana haki, amma ruwa ya ƙi ƙaruwa. Sai muka koma ɗebowa daga wata rijiya a wajen ganuwa. Da an idar da sallar asuba kowa zai ɗauki abin da yake da shi, mai baro da baronsa, mai keke da kekensa, ni kuma in ɗaura jarka biyu a bayan babur. A layi za ka ga alƙali mai ritaya a bayan mai gyaran takalmi, ba wanda yake da ƙarfin yin gardama. Sawu biyu nake yi kafin in shirya zuwa aiki, kuma matata Saude, wadda take goyo a lokacin, ita ke raba ruwan: wannan na randa, wannan na girki, wannan na alwalar Baba, abin da ya rage na wanka. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi ma ba a zubarwa, awaki na jira.

Akwai aikin da rashin ruwa ya hana mu. Kowace bazara mazan gida sukan kwaɓa ƙasa su yaɓe rufin soraye, a gyara indararo kafin damina. Baba, mahaifina, wanda yake karantar da littattafai a zaure tun kafin a haife ni, ya yi maganar sau uku. Amma wa zai zuba jarkar da ya ɗebo da asuba a cikin ƙasa? Muka ce bayan Sallah.

Da hantsi ya ɗaga, bango ya fara amayo zafi. Zuwa azahar lungu ya yi tsit, sai ƙarar turmi jefi-jefi daga gidajen da ake dakan kunu. Wuta kuwa in ta zo sai yara su yi ihu, kafin ka kai hannu kan fanka ta koma. Dattawa sukan kwanta a dandamalin masallaci, kowa da jiƙaƙƙen rawani a ƙirji. Da la'asar hadari yakan taso daga gabas, baƙi wuluk, iska ta kaɗa ƙamshin ruwan da ya sauka a wani gari, mu fito muna kallon sama, sai ya watse ya bar mu da gumi. In an kira magariba, kofin farko na ruwan randa ba ya kaiwa ciki, a maƙogwaro yake ɓacewa. Sai kunun tsamiya da ƙosai, sannan mutum ya tuna sunansa. Yanzu akwai rijiyar burtsatse a ƙofar gida, jikokina har fushi suke yi in ruwan leda bai yi ƙanƙara ba, ni dai sai in dube su.

A cikin wannan hali na shirya tambayoyin jarrabawa, a makon farko na azumi, lokacin da ciwon kai bai saki mutum ba. Tambaya ta uku, mai maki goma sha biyar, daga littafin darasina na kwafo ta kai tsaye: ga kibiyoyi uku, nuna cewa kowace tana cin gashin kanta. Amsar ma daga can na kwafo. In an buga lissafin, uku ne zai fito.

Makin takardun kuma ya faɗo a goman tsakiya, wadda ake ce wa goma ta wuya, kuma ta amsa sunanta. Takarda sittin da takwas na ɗauko a kwali na kawo gida. Tsakanin azahar da la'asar nake yi, a kwance rub da ciki a kan sumuntin ɗakina, da jiƙaƙƙen tawul a wuya, gumi yana ɗiga a kan rubutun mutane. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ba karantawa nake yi ba. A tambaya ta uku idona lamba ɗaya yake nema a ƙasan shafi. Ya ga uku, in ba da sha biyar in juya.

Da na zo kan takardar Malam Tanimu, sai na ga ya kwafi tambayar tsaf da kyakkyawan rubutunsa, ƙasanta kuma fili fetal. A gefen shafin akwai wani ɗan rubutun ajami ƙanana, a karkace. Na saba ganin irinsa. Ɗalibai da yawa sukan rubuta bisimilla a gefe, ko addu'ar neman buɗi, wani ma har roƙo, "Malam a taimaka don Allah." Na daɗe da koya wa idona tsallake su. Har na ji haushi a raina, na ce dattijo kamar wannan, ya bar aiki ya koma addu'a. Na zana sifili da jan biro a gefen, rabinsa a kan rubutun nasa. Da na haɗa jimilla ya tashi da talatin da huɗu, ana neman arba'in. Na ji ba daɗi, amma na ce ai ba ni na kayar da shi ba. Na miƙa sakamako kafin Sallah, kwalin kuma na tura shi saman kabad, in mayar in an dawo hutu.

Ruwan farko ya sauka kwana tara bayan Sallah, da yamma, kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fito tsirara, mata suka jera duk abin da ke da baki a ƙarƙashin indararo, har tukunyar miya. Muna cikin murna Saude ta ƙwala mini kira. Rufin da ba mu yaɓe ba ya buɗe daidai saman kabad, jan ruwa yana zuba a cikin kwalin.

Washegari da safe na shimfiɗa takardun a zaure don su sha iska, na danne kowace da tsakuwa. Baba ya fito zai zauna a buzunsa, yana bi tsakaninsu a hankali da sandarsa. Bai iya boko ba, ko harafi ɗaya. Amma sai na ga ya tsaya, ya sunkuya, ya ɗauki ɗaya ya kai ta kusa da idonsa.

Ya ce, "Wane ne wannan mai hashiya?"

Hashiya ita ce ɗan bayanin da malamai suke rubutawa a gefen littafi. Na ce, "Addu'a ce kawai, Baba. Haka suke yi."

"Addu'a?" Ya karkata takardar, ya karanta a fili da muryar da yake karanta wa ɗalibansa littafi. "Allah gafarta Malam, wataƙila tuntuɓen alƙalami ne. Ta ukun jimillar ta ɗaya da ta biyu ce, ba ta cin gashin kanta. In aka mai da huɗun nan biyar, amsa uku ce. Allah ne mafi sani."

Na karɓi takardar na dubi tambayar. Kibiya ta farko: biyu, ɗaya, ɗaya. Ta biyu: ɗaya, biyu, uku. Ta uku a littafina uku, uku, biyar ce. Amma a takardar jarrabawa, da hannuna, na rubuta uku, uku, huɗu. Ko ɗan aji biyu ya haɗa ta farko da ta biyu, abin da zai samu ke nan. Na umarci mutum sittin da takwas su tabbatar mini da abin da ba gaskiya ba ne.

Baba ya zauna, ya ce, "Ai haka ake yi. In kana kwafar littafin shehinka ka ga kuskure, ba ka taɓa matani, wato ainihin rubutun. Ka kwafe shi yadda yake, gyaran ka sa shi a gefe, ka ce wataƙila. Wannan ya zauna gaban malamai. Nawa ka ba shi?"

Na sake duban gefen shafin. Jan da'irar tana nan a kan rubutun, ruwa ya sa ta ɗan bazu.

Ranar ban je ko'ina ba. Na bi sauran takardun ɗaya bayan ɗaya, wannan karon ina karantawa. Fiye da rabi ba su ma ga huɗun ba, biyar ɗin da suka haddace suka rubuta suka wuce. Sauran sun fi ba ni tausayi. Sun buga lissafin daidai, sifili ya fito, suka soke, suka sake bugawa, ya sake fitowa, suka sake sokewa, daga ƙarshe suka rubuta uku suka ja layi biyu a ƙarƙashi. Malam ya ce a nuna, wane ne su da za su ce ba haka ba? Duk na biya su cikakken maki. Mutum ɗaya da ya gane darasin har ƙasansa, shi na kayar.

Da aka koma aiki na sami shugaban sashenmu a ofis. Mutumin kirki ne, gajiyayye, ya kusa ritaya. Ya saurare ni har na gama, ya cire tabarau ya murza idonsa.

Ya ce, "Malam, bakin alƙalami ya bushe. Kwamiti ya zauna, an liƙa sakamako. In ka buɗe wannan, ba takarda ɗaya za ka buɗe ba, sittin da takwas ce. Wasu da suka ci za su faɗi, iyayensu kuma ka san su, a masallaci ɗaya kuke sallah. Sannan ga fayil ɗinka na tabbatarwa yana sama, wata mai zuwa za a duba shi."

Na ce, "Amma ranka ya daɗe, mutumin nan aikinsa ne zai tafi."

"Na sani. Ban hana ka ba. Rubuto mini a takarda, ka sa hannu, ni kuma zan tura. Amma ka kwana a kai tukuna."

Na kwana a kai. Na rubuta wasiƙar sau uku, ta ukun har na sa hannu na ninke na sa a aljihun gaba. Kullum in ce gobe. In na doshi ofishin sai in tuna Saude da jaririya, in tuna yadda za a riƙa nuna ni a ɗakin malamai, sai ƙafata ta kauce ta yi aji. Na ce bari a duba fayil ɗina tukuna, in an tabbatar da ni maganata za ta fi nauyi. Aka tabbatar da ni. A lokacin kuma wa'adin gyara sakamako ya wuce da mako biyu, kuma na san ranar da zai wuce tun kafin ta zo. Tsoro ne kawai, babu wani suna da zan sa masa.

Baba bai yi mini faɗa ba. Sau ɗaya kawai ya ce, yana naɗe buzu, "Haƙƙin mutum ba ya ruɓewa. Ko ba ka iya mayar masa da komai ba, je ka gaya masa gaskiya ya san matsayinsa."

Na tafi wata ranar Asabar, lokacin noman farko. Hanya duk taɓo, dawa ta kai idon sawu, ko'ina kore shar har ido ya gaji. A ƙauyen aka ce mini ai Malam Tanimu ya bar makaranta tun watan jiya, an kawo wani, yana gona. Na same shi a duƙe da fartanya, ba riga, sai ɗan wando da ya sha faci. Da ya gane ni ya yar da fartanyar, ya jawo rigarsa daga kan reshe ya zura a gurguje, ya shimfiɗa mini buhu a gindin ɗorawa. Shi kuma ya tsuguna a ƙasa.

Muka gaisa, muka yi barka da ruwa, na tambayi iyali. Ina tattara kalmomin da na shirya tun daga gida, sai ya riga ni.

"Allah gafarta Malam, ni ya kamata in zo, kunya ce ta hana ni. Tun ranar da na ga sakamako na san abin da na yi. Wallahi ba da nufin raini na rubuta ba. Da ajami na sa, don na san takardun nan suna bi ta hannun baƙi, ban so wani ya gani ba sai kai, tunda kai ɗan gidan karatu ne. Amma duk da haka ɗalibi ba ya gyara malaminsa a zauren jarrabawa. Da na ga ka kayar da ni, na ce Malam ya yi fushi, kuma yana da gaskiya." Ya sunkuyar da kai. "Aiki kam rabo ne, ya ƙare. Abin da ke hana ni barci kada in mutu da fushin malamina. Ka yafe mini."

Wasiƙar tana aljihuna, ta yi laushi da gumi. Abin da zan ce gajere ne: ban karanta ba, kai ne mai gaskiya, ni na kayar da kai kuma na ji tsoron gyarawa. Na buɗe baki. Na dubi furfurar gemunsa da lakar da ke ƙafarsa, sai na ji muryata tana cewa, "Ba komai, Malam Tanimu. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Fuskarsa ta washe. Ya riƙe hannuna da hannu biyu yana godiya. Da zan tafi ya rantse sai na bi ta gida, ya kama zakara ya ɗaure masa ƙafafu, ya rataya mini a kan babur da kansa, ya raka ni har bakin hanya.

Na iso gida ana kiran la'asar. Baba yana zaure, littafi a buɗe a cinyarsa. Ya dubi zakaran, ya dube ni.

"Ka gaya masa?"

Na ce, "Ya ce a gaishe ka."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya mayar da idonsa kan littafin. Har Allah ya karɓi ransa bai sake tambayata ba, ni kuma ban sake taka ƙauyen nan ba.